Yadda Ake Zana Gida Ya Dace da Filinsa da Garinsa a Ƙasar Hausa

A sababbin unguwannin Kano, Zariya, Katsina, Maraɗi da Damagaram, gidaje da yawa da taswirar aro ake gina su. Mai fili zai ga gida a Abuja ko a hoton waya, ya ce wa mai zane irinsa yake so, a ɗauko shi ɗungurungum a dasa a fuloti. Ba wanda ya tambayi ta ina rana take faɗuwa, ta ina hadari yake tasowa, ko ina ruwan unguwar yake bi idan an yi mamako. Sai an tare matsala take bayyana. Falo mai gilashi yana kallon yamma, ba ya zaunuwa daga la'asar sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki. Babu tsakar gida, mata suna girki a wani lungu. Baƙo kuwa sai ya ratsa iyali kafin ya sami wurin zama. Daga baya, idan mai gida ya so a gane gidan Bahaushe ne, sai a ɗora zankwayen siminti a kan get.

Kamannin gari suna shiga gini ne ta yadda aka zaunar da shi a fili, yadda ake shigarsa, inda inuwa take faɗawa, da ƙasar da aka yi bangonsa. Idan waɗannan suka yi daidai, gidan zai yi kama da garinsu ko ba a yi masa ado ba. Ga yadda ake bin aikin daki-daki, za mu ɗauki fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato mita 15 da 30, ya zama abin misali.

Karanta filin kafin a ja layi

Ka je filin tare da mai zane da hantsi, ku koma da azahar, ku sake komawa da la'asar. Idan hali ya yi, ku je washegarin ruwa mai ƙarfi a watan Agusta. Ku riƙe tef, kamfas (na waya ma ya wadatar idan an nisanci ƙarfe), tiyon awon lebur irin na birkiloli, shebur da takarda.

A fara da ruwa, domin shi ne ke kashe gini. Da tiyon nan a auna bambancin tsayi tsakanin kusurwoyin filin huɗu da tsakiyar titi, a rubuta. Akwai abin da ake yawan mantawa: layin da ba a yi wa kwalta ba, ranar da za a yi masa sai an yi ciko, ya ɗaga. Shi ya sa za ka ga gidaje a tsofaffin unguwanni ana gangarawa kafin a shiga, da damina kuma kwata tana komawa cikinsu. Don haka daɓen ɗakuna ya zarce tsakiyar titin yau da santimita 45 aƙalla, ko 60 idan unguwar a kwari take.

Sai a tambayi dattawan wurin me filin yake a da. Kududdufai da yawa, waɗanda tun asali ramukan ɗibar ƙasar gini ne, an cike su da shara an yanka fulotai. Gini a kan irin wannan ciko yana nitsewa ba daidai ba, bango ya tsage daga kusurwar taga ya yi sama. Haka fadama da tsohuwar hanyar ruwa. A haƙa rami biyu ko uku masu zurfin mita ɗaya da rabi a duba. Jar ƙasa mai marmara tana ɗaukar gini, kuma ita ce za ta iya zama bulon gidan. Yashi ma yana ɗauka idan an faɗaɗa harsashi. Baƙar laka mai dardarewa da rani, irin ta yankin Tafkin Chadi da wasu sassan Gombe da Adamawa, tana kumbura da ruwa ta tsuke da fari, tana motsa gini duk shekara. Wanda ya ga irinta, ko ya ga leda da tsumma suna fitowa daga rami, ya nemi injiniya ya tsara masa harsashi, kada ya bar wa birkila.

Iska iri uku ce a ƙasar nan, kowacce da halinta. Ta hunturu tana zuwa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da ƙura da sanyi. Mai daɗin nan ta damina tana zuwa daga kudu maso yamma, ita ake so ta ratsa ɗakuna. Hadari kuwa yawanci daga gabas yake tasowa, da guguwa da ruwa mai feshi a kaikaice. Ke nan bangon gabas ruwa ke dukansa, na yamma rana ke gasa shi, tsofaffin magina kuma sun san haka, shi ya sa suka fi kula da yaɓen gabas.

A sa alamar alƙibla a takarda tun yanzu. A Kano tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas ce da ɗan karkata arewa. Da ita za a daidaita wurin salla, a kuma zaunar da masai yadda mai amfani da shi ba zai fuskance ta ko ya ba ta baya ba. Gyaran wannan bayan an binne fayif aiki ne mai tsada.

Daga nan a dubi maƙwabta: benen da zai iya leƙa tsakar gidanka, inda rijiyarsu take, inda shaddarsu take. Tsakanin sokawe da rijiya ko burtsatse a bar mita 15 aƙalla, 30 idan da hali, a kuma sa sokawen ta gangare. Duk bishiyar da aka tarar a filin a saka ta cikin taswira. Tsamiya ko darbejiya mai shekara 20 ba ta sayuwa, kuma sau da yawa ita ce ya kamata ta nuna inda tsakar gida za ta zauna.

Rubuta rayuwar gidan, ba yawan ɗakuna kaɗai ba

"Ɗaki huɗu da falo biyu" bai isa bayani ba. Mai gida da uwargida su zauna da mai zane su faɗa masa yadda yini yake tafiya. Da me ake girki, gas ko gawayi ko itace? Ana daka? Ina ake wanki da shanya? Ana kiwo? Baƙin mai gida suna kwana? Akwai samari da za su bukaci ɗakin waje nan da shekara biyar? Ina za a sa mutane ranar suna ko zaman makoki? Ra'ayin matan gida a nan ya fi na kowa nauyi, tun da su ne suke yini a ciki. A kuma tsara gidan yadda za a iya gina shi kashi-kashi, a san tun farko inda ƙarin ɗaki ko bene zai zauna, don kada ƙarin ya zo ya cinye tsakar gida.

Zaunar da gini a fuloti

Ƙa'ida ta farko: dogayen bangaye da manyan tagogi su kalli kudu da arewa, gajerun bangaye su kalli gabas da yamma. Dalili shi ne rana tana sama sosai lokacin da take kudu ko arewa, 'yar rumfa ta isa ta tare ta. Amma da hantsi da la'asar tana ƙasa-ƙasa, tana shiga taga kai tsaye, kuma ta la'asar tana haɗuwa da lokacin da iska ta fi zafi.

Idan titi yana gabas ko yamma da fuloti, an yi dace, domin tsawon mita 30 ɗin yana kallon kudu da arewa. Sai a jera ɗakuna a layi ɗaya ta gefen arewa, baranda da tsakar gida ta kudu, ko a yi layi biyu tsakar gida a tsakani. Idan titi yana kudu ko arewa, tsawon filin yana kallon gabas da yamma, nan ne ake yawan kuskure. Kada a miƙa gini ɗaya dogo. A raba shi gida biyu a kwance, sashen waje kusa da titi, sashen iyali a baya, tsakar gida ta raba su. Duk abin da ba a zama a cikinsa, kamar sito, banɗaki da matakalar bene, a tura shi bangon yamma ya zama garkuwa. Tazarar da za a bari daga titi da katangar maƙwabci kuwa kowace hukumar tsara birni da nata ƙa'idar. A Kano hukumar KNUPDA ce ke duba taswira ta ba da izini, a nemi ƙa'idar tun kafin a zana.

Ɗakuna su kasance layi ɗaya a kauri, kowanne da taga a bango biyu masu fuskantar juna, zurfinsa kada ya wuce mita 4.5. Taswirar da take da ɗaki hagu, ɗaki dama, da siririn lungu mai duhu a tsakiya, tana kashe iska gaba ɗaya.

Zaure, shigifa da tsakar gida

A nan asalin gidan Hausa yake, daga gidan talaka har Gidan Rumfa na Kano da aka kafa tun ƙarni na 15. Ana shiga mataki-mataki: titi, dakali, zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida. Kowane mataki yana da wanda yake tsayawa a nan. Wannan tsari yana aiki a fulotin zamani idan an matse shi.

Zaure mai mita 3.5 da 4 ya isa. Ya kasance da ƙofarsa ta kansa a kan titi, dabam da get ɗin mota, da ƙaramin banɗaki da wurin alwala a gefe, don baƙo ya yi bukatarsa bai shiga ciki ba. Ƙofar shiga da ta fita kada su kalli juna. A sa ɗaya a tsakiyar bangon waje, ɗayar a ƙuryar bangon gefe, yadda mai wucewa a titi ba zai hango komai ba ko an bar ƙofa a buɗe. A wajen zauren a yi dakali mai tsayin santimita 45 da faɗin 50 inda inuwar la'asar take faɗawa. Gidan da ya juya wa layi baya da doguwar katanga da waya mai ƙaya ya fita daga unguwa, alhali dakalin da ake zama a kai yana cikin abin da ke tsare layi. Filin da ke bayan zaure, wato ƙofar gida, shi ne wurin ajiye mota da ɗakin samari. Shigifa kuwa ko ƙaramin ɗaki ne mai mita 2 da 2.5, ko bango ne kawai mai lanƙwasa da zai karya gani.

Tsakar gida tana bukatar lissafi. Idan bangayen da ke kewaye da ita mita 3.5 ne, faɗinta ya tsaya tsakanin mita 5 da 7. Idan ta yi faɗi ƙwarai rana za ta yini a ciki, idan ta matse iska ba za ta sauka ba. A yi mata baranda mai zurfin mita 2 zuwa 2.4 aƙalla ta gefe ɗaya, domin barandar mita ɗaya hanya ce kawai, ba a shimfiɗa tabarma a kai. Kada a malale ta da siminti ko tayil gaba ɗaya. Kankare yana shan rana da yini ya amayar da zafin cikin dare, daidai lokacin da ake son kwanciya a waje. A daɓe wurin wanki da hanyoyin tafiya, a bar saura da yashi da bishiya. Mangwaro, darbejiya ko lemo sun dace, a dasa su mita 4 zuwa 5 daga bango. Ceɗiya da durumi saiwarsu tana fasa harsashi da fayif, wurinsu ƙofar gida mai fili.

Babbar matsalar tsakar gida ita ce fitar ruwa. Ruwan sama mai milimita 50 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 5,000 ne, kuma yana iya sauka cikin awa ɗaya. A karkata daɓen da santimita 2 a kowace mita zuwa rariya, a sa fayif mai inci 6, a ƙara mafita ta biyu a ɗan sama da ta farko don ranar da leda ta toshe. Daɓen ɗakuna ya ɗara tsakar gida da santimita 15 zuwa 20.

Inuwa da tagogi

Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa, sauran watanni ta kudu. A ƙarshen Disamba, da tsakar rana, tana kudu a tsayin digiri 55. A ƙarshen Yuni tana arewa a digiri 79. A aikace, rumfar da ta fito santimita 60 a bangon kudu tana zuba inuwar kusan santimita 85 a Disamba, don haka taga mai tsayin mita 1.2 tana bukatar rumfar santimita 85 zuwa 90 dab da samanta. A bangon arewa kuwa santimita 60 ɗin nan tana rufe kusan mita 3, bangon gaba ɗaya ke nan. A Yamai, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, da suke ɗan arewa, a ƙara wa rumfar kudu kaɗan.

Gabas da yamma rumfa ba ta yi musu magani. A can a ƙanƙanta taga, a ɗaga ta sama, ko a kare ta da bango mai huda-huda, ko baranda mai zurfi, ko bishiya.

Taga mai zamewa rabinta kaɗai ke buɗuwa, ga ragar sauro tana ƙara rage iska. Mai marfi da ke buɗewa gaba ɗaya ta fi, musamman idan tana da murfin katako ko ƙarfe mai tsaga-tsaga da za a rufe da rana. Silin ya kai mita 3 zuwa 3.3, a huda ƙananan tagogi dab da shi a bango biyu don iska mai zafi ta fita. Gida mai kaurin bango yana da yadda ake sarrafa shi: da bazara a rufe tagogi da hantsi, a buɗe su bayan isha'i, sanyin dare ya wanke zafin da bangon ya tara. Duk da haka akwai darare a Afrilu da Mayu da ɗaki ba ya kwantuwa, don haka a tanadi wurin kwana a waje tun a taswira, ko a tsakar gida ko a saman soro mai rawani, wato gajeren bangon da ke zagaye rufi, da ya kai mita 1.6 saboda sutura.

Bango: da me za a yi shi

Bulon siminti mai rami, ko na inci 9 ne, zafi yana ratsa shi cikin 'yan awoyi. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 30 yana jinkirta zafi kusan awa 8 zuwa 10, sai rana ta faɗi kafin ya iso ciki. Wannan ne sirrin sanyin tsohon soro.

Hanya ta farko ita ce tubali na gargajiya. Ana kwaɓa birji, wato jar ƙasar gini, da ciyawar ramno, a tattake, a bar shi ya kwana biyu yana ruɓa, a sake kwaɓawa, a mulmula, a shanya kusan mako biyu. Bangon yana farawa da kauri a gindi yana sirancewa sama, kuma ba a ɗora layuka da yawa a rana ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska. Aikin rani ne, yana kuma bukatar magini na gaske. Inda har yanzu akwai Sarkin Magina, ta wurinsa ake samun waɗanda suka gaji sana'ar.

Hanya ta biyu, wadda ta fi sauƙin karɓuwa a birni, ita ce bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Da shi aka gina rukunin gidajen Niamey 2000 a Yamai, da sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, wanda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zana aka kammala a 2018, inda aka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu. Ga yadda ake yin sa.

A kankare ƙasar sama mai saiwa da taki a ajiye gefe, ta ƙasa ake so. A zuba ta a kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, garin ƙasa cikin awa ɗaya, yumɓu sai ya kwana. A auna kaurin kowanne. Ana son yashi da 'yar tsakuwa su kai kashi 50 zuwa 70 cikin 100, yumɓu 10 zuwa 20. Gwaji na biyu: a cika akwatin katako mai tsawon santimita 60 da faɗi da zurfin 4 da kwaɓaɓɓiyar ƙasar, a bar ta ta bushe a inuwa mako guda. Idan ta tsuke fiye da santimita 3 a ƙara yashi. Idan ta wuce 6, ba ta siminti ba ce, a nemi wata.

A tankaɗe da raga mai idon santimita ɗaya. Siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na nauyin ƙasa ya isa. A kashi 6, buhu ɗaya mai kilo 50 yana ɗaukar ƙasa kusan kilo 800, ya ba da bulo wajen 110 masu girman santimita 29.5 da 14 da 9. A gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Gwajin laima: a dunƙula a hannu a sake shi daga tsayin kafaɗa. Idan ya fashe gida huɗu zuwa bakwai ya yi, idan ya watse ya zama gari ruwa ya yi kaɗan, idan ya zauna a dunƙule ya yi yawa. Abin da aka kwaɓa a matse shi cikin awa ɗaya. Sai babban wurin da ake ɓata aiki: shanya bulo a rana. Siminti yana bukatar laima kafin ya kama. A jera bulon a rufe da leda mako biyu ana yayyafa ruwa, sannan a bar shi ya bushe a inuwa har kwana 28. Kafin a fara gini a jiƙa guda biyar a ruwa kwana ɗaya, a kuma kai wasu ɗakin gwaji na jami'a ko kwalejin fasaha a auna ƙarfinsu. Murabba'in mita ɗaya na bango mai kaurin 14 yana cin bulo kusan 31, mai kaurin 29.5 ninkin haka. Bangayen waje, musamman na yamma, a yi musu mai kaurin.

Gaskiya ita ce ƙasa ba kullum take fin siminti araha ba. Idan sai tifa ta ɗauko ta daga nesa, kuɗin yana iya yin kunnen doki. Wanda ya zaɓi bulon siminti ya ninka bangon yamma da tazarar santimita 5 a tsakani, ya shafa fenti mai haske, ya tabbatar inuwa tana rufe bangon.

Harsashi kuwa, ko wane bango za a yi, ya zama na dutse ko kankare, ya fito sama da ƙasa santimita 30 zuwa 45, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kansa kafin layin farko. Bangon ƙasa daga gindi yake lalacewa, ta feshin ruwan sama da laimar da ke hawa tana ɗauke da gishiri. A saman bango a zagaya da linta mai rodi da za ta ɗaure ginin, a kuma ɗaure rufi a jikinta.

Rufi

A ƙasar da rana take tsaye a ka, rufi ya fi kowane bango shan zafi. Dogon rufin nan mai tsini da baƙin kwano da ake yayi yana cin katako da kuɗi, yana tara zafi, yana kuma tare wa guguwa gaba.

Rufin soro na azara da ƙasa ya fi kowanne sanyi. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ƙetare fiye da kusan mita 1.8 ba tare da tallafi ba. Don a sami faɗi ne magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan azara da ƙasa masu ɗaukar rufi, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da yadda Falke Barmou ya yi a masallacin Yama na Nijar, wanda aka fara a 1962 ya sami lambar Aga Khan a 1986. Giginya ta yi ƙaranci yanzu, don haka a gida ɗaya ya isa a yi wa zaure kaɗai irin wannan rufi. A Nijar akwai kuma ginin da ba itace, na tulluwa da baka da bulon ƙasa, wanda aka horar da magina a kansa tun shekarun 1980. Yana son bangayen gefe masu kauri da ɗaki da bai wuce mita 3 a faɗi da yawa ba, kuma ba aikin ɗan koyo ba ne.

Ga yawancin mutane kwano ne mafita, sai a yi shi da hankali. Launi mai haske, karkata digiri 10 zuwa 15, bakinsa ya fito santimita 60 zuwa 90. Tsakaninsa da silin a bar sarari da iska za ta ratsa daga gefe zuwa gefe, a toshe da raga saboda jemage da tsuntsaye. Francis Kéré ya nuna amfanin wannan a makarantar Gando ta Burkina Faso a 2001, inda ya ɗaga kwano sama da silin na bulon ƙasa. A ɗaure katakon rufi da linta da langalanga ko siririn rodi a kowace mita, musamman ta gabas, nan guguwar farkon damina take fara yaye kwano. Wanda yake son ɓoye kwano a bayan rawani ya yi magudanar ciki mai faɗin santimita 30, ya huda mata mafitar ambaliya, in ba haka ba ganye zai toshe ta ruwa ya bi bango. Dekin kankare da ba a ɗora komai a kansa ba tanda ce da dare, a shafe shi da fari ko a yi masa rumfa.

A rufi mai shimfiɗa, indararo ɗaya ga kowane murabba'in mita 20 zuwa 25, ya fito santimita 45 zuwa 60 daga bango, a daɓe inda ruwan yake sauka. Ya fi kyau a tara shi: rufi mai murabba'in mita 100 a garin da ake samun milimita 800 a shekara yana iya ba da lita sama da 60,000.

Yaɓe da ado

Kada a yi wa bangon ɗanyar ƙasa filastar siminti kai tsaye. Ba sa motsi tare idan zafi ya canja, siminti zai tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe a ɓoye har filastar ta ɓantare falle-falle. Magabata suna amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Inda ba a samun su, yaɓen farar ƙasa ta gini, kashi ɗaya da yashi kashi uku, yana barin bango ya yi numfashi. Bulon da aka matse da siminti ba ya bukatar yaɓe idan rufi ya kare shi, sai dai a yi wa bangon gabas da gindin bango.

Ado shi ne na ƙarshe, kuma a ɗauko shi daga garin da ake ginin. Zanen fuskar gida na unguwar Birni a Damagaram dabam yake da na Zariya, na Agadas kuma dabam da su duka. Mai zane ya zaga tsohuwar unguwar garin da tef da kyamara, da izinin masu gida, ya auna faɗin ƙofar zaure da tsayinta, kaurin rawani, girman zanko a kan bangon da yake, da launin ƙasar wurin. A tsohon gini ado yana taruwa ne a kewayen ƙofar zaure da cikin rufinsa, sauran bango a bar shi fili. A bi wannan: a ba mai zanen bango ƙofar zaure ya yi aikinsa da hannu a kan ɗanyen yaɓe, maimakon a buga dagi a kowace kusurwa. Zanko ya fito daga kusurwar rawani da kayan da aka yi bangon, girmansa ya dace da tsayin ginin.

A tsara aikin da yanayi: buga bulo da harsashi bayan kaka, bango da hunturu, rufi ya kammala kafin Mayu. A kuma rubuta wa mai gida abin da zai riƙa dubawa duk shekara a Afrilu: share indararo da rariya, toshe tsagar rufi da ta rawani, gyara yaɓen gabas, da bin gindin bango a kankare duk hanyar gara da aka gani kafin ta kai katakon rufi.